Gasasshen Burodi Ba Bota

A shagon shayin tashar jirgin ƙasa nake kallonsa. Dattijo ne mai faɗin kafaɗa, amma rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Gasasshen burodi ne a gabansa, ba komai a kai.

"Baba, wannan ai ba ya riƙe ciki," in ji mai shagon. "In sa muku bota?"

"Likita ya hana, 'yata. Miƙo wuƙar dai."

Yana goga busasshiyar wuƙar a kan burodin a hankali, gefe zuwa gefe, idanunsa a lumshe. Ina jin wata ce ta saba shafa masa bota kowace safiya, tana mita. Ana ta shelar tashin jirgi, ko motsi bai yi ba.

Kafin ya gatsa, sai ya lashe wuƙar tas.