Ƙanena da Fadar Kwari

Ƙanena direban kamiyo ne, yana jigilar kaya tsakanin Damagaram da Difa, kuma a wannan hanya ya koyo shan giya. A gidanmu ba a taɓa kiran abin da sunansa ba. Innarmu ta ce sammu ne, matarsa ta ce gajiyar hanya ce. Ni da Allah bai hore wa haƙuri ba, ni kaɗai nake ce masa mashayi, shi ma sai mun keɓe. Ya sha rubutu har ya gaji, an yi masa hayaƙi, ya yi rantsuwa ya karya ba sau ɗaya ba. Daga ƙarshe mai mota ya karɓe makullinsa, ya dawo Gure ya zauna, idanu jawur, ƙafafu sun fara kumbura.

Na tisa ƙeyarsa zuwa gidan likita. Majo, babban mai jinya na wurin, ya duba shi ya ce hanta ce, in bai daina ba kwanansa ba su da yawa. Da ƙanena ya fita, sai na tsaya.

"Majo, na ji a rediyo a manyan birane masu wannan lalura suna taruwa su riƙe juna. Mu nan fa?"

Ya dubi ƙofa tukuna, sannan ya rage murya.

"Hajiya, a Gure wa zai kafa allo ya ce nan ne wurin waɗanda suka bar giya? Amma akwai wata fada, majalisar masu wannan lalura, a kwari, bayan gari, a lambun wani tsohon soja. Ranar Juma'a bayan la'asar suke zama. Mai wucewa shayi kawai zai gani. Ya je, ba mai tambayarsa ɗan gidan wa."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, kafin ya yarda. Ranar na biyo shi da kwando kamar mai zuwa sayen salad, don na san halinsa, in na sake shi wata hanya zai bi. Muka gangara rairayi har muka isa shingen lambun. Ta tsakanin dabinai muka hango su a kan tabarma, 'yan maza kaɗan, buta a kan gawayi, ɗaya yana magana sauran suna saurare. Raina ya yi sanyi. Sai na ga ƙanena ya tsaya cik, ya sunkuyar da kai.

Mai maganar surukinsa ne, uban matarsa. Dattijo mai shagon atamfa a kasuwa, mai sahun gaba a masallaci, wanda ko a mafarki ba zan haɗa shi da kwalba ba. Ya ɗago kai, suka haɗa ido, kowa ya kawar da fuska.

Ƙanena ya juya da sauri, ina binsa ina haki.

"Kai, wannan wace irin wauta ce? Ranka ake magana!"

"Yaya, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba? In na hango shi a hanya sai na sake layi. Shi zan zauna in gaya wa yadda nake komawa wa ɗiyarsa a buge? Shi kuma ya faɗi nasa ina ji?"

"To sai ka mutu don kunya?"

"Ya riga ni samun wurin. In na shiga, ba zai ƙara zuwa ba. Ba zan raba tsoho da abin da yake riƙe da shi ba."

Na koma wurin majo ko akwai wani zaman, ya ce wannan kaɗai ya sani. Damagaram kuwa ba tafiyar kowace Juma'a ba ce ga marar aiki. Ƙanena ya yi ta fama shi kaɗai, ya daina, ya koma, ya sake dainawa. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma na ji tausayinsa fiye da haushin. Da damina ta tsaya cikinsa ya kumbura, bai ga kaka ba.

Ranar sadakar uku aka ce surukinsa yana sallama da ni a zaure. Na tarar da shi zaune ya tuɓe takalma, ya rame. Muka yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Ɗiyata, kin gan ni ranar nan, ba sai na ɓoye miki ba. Tun daga ranar ban sake taka kwarin ba. Na bar masa wurin. Na sha wuya, Allah ne shaida, amma kowace Juma'a ina shago ina ce wa kaina yanzu yaron yana can. Ashe zaman bai yi masa amfani ba?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi.

"Baba, bai taɓa komawa ba. Cewa ya yi kai ya bar wa."

Da ya miƙe zai tafi, ƙafarsa ta kasa samun takalmin, sai da na durƙusa na riƙe masa.