Karan Dawa a Ƙarƙashin Motar Ƙugiya

Shekarar da muke zuba kwalbati a hanyar Gaya zuwa Ajingi, ni ke tuƙa motar ƙugiya mai ɗaga bututun siminti. Wata safiya ana tsananin sanyi, kusa da Toranke, na iske wani dattijo ya tula karan dawa a ƙarƙashin injinta, ga ashana a hannunsa. Ya saba ganin direbobi suna hura wa manyan motoci wuta in sun ƙi tashi.

Na ce, "Baba, don Allah dakata! Cikinta duk robar mai ce. In ta kama, har rumbunka sai ta lashe."

Muka janye karan can nesa. Na duba ruwa da baƙin mai, na tayar da ita, na bar ta tana gurnani har allurar zafi ta motsa. Sannan na ɗaga hannunta ba kaya, na sauke, sau uku, don man ya saki.

Kafin in gama, dattijon ya hura wutarsa ya gasa dankali. Ya miƙo min mafi girma, ya ce, "Ɗana, ita dai ta iya ɗumama kanta. Kai fa?"