Kishin Da Na Yi Da Malamin Ɗana

Assalamu alaikum, mai shirya wannan fili da masu karatu. Ku yi haƙuri ban sa sunana ba, a Gaya kowa ya san kowa. Ni direban babbar mota ne, a hanyar Kwatano na yi furfura, kuma a lokacin da nake ba ku labarinsa ni mutum ne mai baki. In na dawo daga tafiya na zauna a fadarmu ta ƙofar gida, inda muke shan shayi bayan la'asar, ba mai tsoma baki sai na dire. Ni ke faɗin yadda teku take, yadda ake yi da ƴan duwan, wato kwastan, a kan iyaka, wane shugaba ne mai tausayi, wane ne ke cutar talaka. Babban ɗana shi ke dafa mana shayin tun yana ƙarami, yana fifita gawayi yana kallon bakina. In na shiga gida ya biyo ni da tambayoyi har sai uwarsa ta kore shi. Wallahi ban san wannan kallon nasa ne ke riƙe da ni ba sai da na rasa shi.

Sai aka rufe gadar iyaka da ke tsakaninmu da Malanbil, garin da ke ƙetaren kogi. Motata ta zauna wuri ɗaya har awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Masu jirgin ruwa da ƴan babur suka zama su ne masu labari, ni kuwa na koma maimaita tsofaffi, har abokaina su riƙa ƙarasa mini ƙarshensu. A wannan shekarar ce yaron ya shiga ajin ƙarshe na kwaleji, aka kawo musu sabon malamin tarihi da labarin ƙasa. Saurayi ne siriri mai tsohon babur, gemunsa ma bai haɗe ba. Mu nan mushe muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, to daga ranar gidana ya koma gidan Mushe ya ce. Ana cin tuwo, Mushe ya ce. Ana alwala, Mushe ya ce. Wai Mushe ya ce mutanen wannan gaɓa da na waccan dangi ne, kogi bai taɓa raba su ba sai da Turawa suka ja layi. Wai ya ce in manya suka yi faɗa mai tallar garin rogo ce ke kwana da yunwa. Wai ya ce mutum yana iya son ƙasarsa kuma ya yi tambaya.

To ga inda abin kunyar yake. Duk waɗannan maganganun ni ma su nake faɗa a fada kullum, ni har da zagi nake haɗawa. Ban ƙi ra'ayin malamin ba ko kaɗan. Abin da ke cina shi ne yadda idon yaron ke haske in ya ambace shi. Ni da na ga teku da idona, a ce wani yaro da bai san wurin ba sai a takarda shi ne ya ƙwace mini ɗa? Kishi ne, irin wanda nake yi wa mata dariya a kansa, ga shi ya zo ya zauna mini a ƙirji.

Ranar da abin ya fashe muna fada, ana zagaye na biyu na shayi. Na ce ai kogin nan shi ne iyaka tun kaka da kakanni. Ban ma yi tunani ba, na faɗa ne don kada a yi shiru. Yaron yana cikin zuba shayi daga sama, bai ɗaga kai ba, ya ce a hankali wai Mushe ya nuna musu ba haka ba ne, da can ƙasar Dandi duk biyun ta haɗa. Cikin ladabi ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma akwai wani abokin wasana, manomin shinkafa daga Tunuga, bakinsa ba ya da linzami. Ya tafa hannu ya ce ashe yaro ya yi sabon uba, sai tsohon ya je ya huta ƙarƙashin motarsa tare da awaki. Fada ta kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma ba har zuci ba.

Mai ɗakina ta gane ni tun daga yadda na tura kwanon abinci. Ta ce in ji tsoron Allah, mutumin nan bai ci mini komai ba, in abin ya dame ni in je in same shi mu yi magana ta manya. Na ce mata ta tsaya a madafarta. Kai, da na ji maganarta!

Ba a daɗe ba aka kira taron iyayen yara a lakwal, kan zancen bencina da shirin jarrabawa. Ana gab da tashi na ɗaga hannu. Na miƙe na gyara babbar rigata, na ce mun kawo ƴaƴanmu su koyi karatu ne, ba siyasa ba. Da na tsaya nan, da magana ce da ake iya tattaunawa. Amma na ga ana gyaɗa kai, daɗin a saurare ni ya dawo mini, sai na ƙara gishiri. Na ce akwai malamin da ke zuga yara su raina ƙasarsu, yana ɗaukar gefen waɗanda ke ƙetare. Duk wanda ya zauna a garin iyaka a irin wannan lokaci ya san nauyin wannan kalma, ni ma na sani.  Direkta ya sunkuyar da kai. Malamin yana tsaye can baya kusa da taga, ya kalle ni kallon mamaki.

Maganar ta fita daga hannuna tun kafin in kai gida. Aka yi ta kiransa ana yi masa tambayoyi, aka dakatar da shi, daga baya aka ce an mai da shi wani ƙauye can bayan Junju. Saura ƴan watanni jarrabawa, yara suka zauna ba malamin tarihi. Da farko har wani sanyi na ji a raina, Allah ya gafarta mini.

Da safen da zai tafi na je tasha neman wani ƙarfen mota, sai ga shi ana ɗaure masa katifa a saman mota. Na so in kauce, amma ya riga ya gan ni. Ya zo ya rusuna ya gaishe ni, ya kira ni Baba. Ya ce wataƙila ya yi kuskure, don ya kamata ya riƙa kawo wa yara kowane ɓangare ya bar su su auna, shi kuwa wani lokaci zuciya takan ɗauke shi. Sai ya yi murmushi ya ce akwai abin da yake so in sani. Wai a aji ba a gama darasi ɗana bai ɗaga hannu ya ce babansa ya ce kaza ba, har ƴan ajin suka laƙa masa suna Babana-ya-ce. Wai rabin abin da yake koya musu kan hanyar teku daga bakin yaron ya ji, kuma ya riga ya nemi izinin direkta ya gayyace ni in zo in ba ajin labarin hanya da kaina, sai taron nan ya riga shi. Ya ce in kula da yaron, yana da kai. Ya shiga mota. 

Yaron bai taɓa yi mini maganar ba. Bai yi fushi ba, bai ɗaga mini murya ba, da ma ya yi da na ji sauƙi. Ya ci jarrabawarsa, yana lise yanzu, makarantar gaba da kwaleji, har gobe shi ke dafa mana shayi. Amma ya daina kallon bakina, gawayi yake kallo. An daina Mushe ya ce a gidana, kamar yadda na so. Wani abokinsa ya gaya wa uwarsa cewa a aji ma ya daina ɗaga hannu.

Masu karatu, har yau in aka tambaye ni ko ya dace malami ya faɗa wa ɗalibai ra'ayinsa kan siyasa, sai in ce a yi hattara, don yaro yana ɗaukar maganar malami da nauyi, shi kansa mushen ya yarda da haka. Amma ni ba wannan ne ya miƙar da ni a taron ba, kuma ina roƙon iyaye irina, kafin ku kai ƙarar malami ku zauna ku tambayi zuciyarku, maganarsa ce ta ɓata muku rai ko son da ɗanku ke yi masa? In maganar ce, ku je ku same shi ku biyu, yana da kunne. Kada ku jefa kalma a bainar jama'a a lokacin da kalma ke iya raba mutum da aikinsa. Zuciyar yaro tana da faɗi, tana ɗaukar uba ta ɗauki malami, ni ne ban sani ba.

Na nemi lambar salular malamin na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun a tasha. Saura ɗana. Jiya ma a fada na faɗi wata magana da na san ba daidai ba ce, da gangan, na juya na tambaye shi yaya ya gani. Ya miƙo mini shayi da hannu biyu, ya ce duk yadda na ce haka ne.