Ƙusar da ke Bayan Kujerar Auta

Idan ka shiga asibitin gwamnatin nan ta babbar ƙofa ka wuce ɗakin kati ka karya hagu, akwai wani ɗan lungu a ƙarƙashin bene da aka saka wa ƙyaure aka ce ofis ne, to nan Malam Hattara yake zama, in ma ya zauna ke nan, don mutumin nan ba ya zama. Shi ne jami'in kula da lafiyar ma'aikata, wato shi ba marasa lafiya yake dubawa ba, masu aikin yake gadi kada aikin ya cinye su. Sunan kuwa nas-nas ne suka laƙaba masa, saboda duk inda ka juya sai ka ga takarda manne a bango an rubuta hattara da jan biro, bakin bene akwai, wajen tukwanen iska akwai, har ƙofar banɗaki sai da ya manna ɗaya saboda santsi. A gabansa suke ce masa matsoraci ba a bayansa ba, shi kuma ba ya musu, sai ya ce ya ji, a dai saka safar hannu.

Tsoron nan ba haka kawai ya same shi ba. Babansu a wannan asibitin ya yi aiki, mai wankin zanen gado ne, shekara ashirin da wani abu yana cusa hannu cikin tulin zannuwa, wata rana allurar da wani ya manta a ciki ta soke shi a tafin hannu, ya tsotse jinin ya tofar ya ci gaba da wankinsa, ba wanda ya rubuta ba wanda ya tambaya. Bayan wasu shekaru ciwon hanta ya kwantar da shi, ciki ya kumbura ido ya canza launi, ya rasu a gadon da shi ya saba wanke zanensa. Mahaifiyarsu dama ta riga shi, sai ya zama saura Hattara da ƙanwarsa Auta, tana 'yar shekara bakwai. Shi ya raine ta, da safe yana tura gadon marasa lafiya da yamma yana zuwa makaranta, a haka a haka har ya samu takardar da ta ba shi wannan lungun na ƙarƙashin bene.

Auta ta girma ta zama 'yar gajeriya mai bakin tsiya, in ta zauna a kujera ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, ta yi aure, kuma yayanta ne ya yi ta zirga-zirga har aka ɗauke ta aiki a ɗakin kati. Ranar farko ya zo ya tarar an ajiye ta a bakin taga inda ake miƙa kati, mutane na ta tari a fuskarta, sai hankalinsa ya tashi, da hannunsa ya ja teburinta ya kai shi can ƙurya jikin bangon baya, ya ce nan ne wurin da ya fi ko'ina lafiya a duk asibitin. Shekara huɗu tana wurin. A shekara ta biyu ta yi ɓari, aka ce haka Allah ya so, yanzu kuma ga wani cikin wata biyar, kowa na lallaɓa ta kamar ƙwai.

Bayan wannan bangon kuwa ɗakin hoto ne, inda ake ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji. Abin da ke ratsa nama ya nuna ƙashin wani irin haske ne da ba a ganinsa ba a jin sa, kaɗan ba ya komai, amma in ya yi ta taruwa a jiki yau da gobe yana ɓarna, balle ga mai ciki. Shi ya sa ake lulluɓe bangon ɗakin da dalma, kuma su masu hoton su uku kowa aka ba shi wani ɗan bajo kamar kwalin ashana ya maƙala a ƙirji, bajon yana riƙe duk abin da ya same shi, duk wata uku Hattara ya tattara ya aika babban birni a auna a dawo masa da takarda. Kullum takardar ba komai take cewa.

Sai wata Talata da hantsi ya buɗe ambulan ɗin da aka dawo masa da shi daga birni a tsaye yana shan ruwa, ya ga lambar da bai taɓa gani ba, ta haye jan layi ta wuce, kuma duka ukun lamba ɗaya sak. Kofin ya ajiye bai san inda ya ajiye ba. Ya fita da gudu-gudu, yana tafe yana tunanin yadda zai gaya wa mutum uku masu iyali cewa jikinsu ya sha abin da bai kamata ba, ya samu babban mai hoto yana goge farantin na'ura, ya miƙa masa takardar. Mai hoto ya duba ya duba sai ya kwashe da dariya, ya ce Malam Hattara ya kwantar da hankalinsa, 'yan birni ne suka yi shirme, ai ɗaya daga cikinsu ma hutu ya yi wata guda cur, ta yaya za a ce lamba ɗaya. Da ya ga Hattara bai yi dariya ba sai ya rage murya ya faɗi gaskiya, wai tun da ɗayansu ya ɓatar da nasa bara aka ba shi takardar tuhuma suka daina sakawa, da can a aljihun tebur suke zubawa, to wannan karon ɓera ya dame su, sai suka nemi wurin da ba abin da ke ɓata.

Hattara ya tambaye shi ina ne wurin.

"Ɗakin kati mana, jikin ƙusar nan da ke bayan ƙanwarka. Ita ma take duba mana su."

Bai san yadda ya fito ba. Taku goma sha biyu ne tsakanin ƙofofin biyu amma sai da ya dafa bango, abu ɗaya ke yawo a kansa, bajon da ba wanda ya saka, bajon da bai taɓa shiga ɗakin hoto ba wata uku, shi ne ya cika haka. Ya leƙa ɗakin kati, ga Auta can ƙurya tana jera katuna tana kaɗa ƙafa, cikinta ya tokare tebur, ga ƙusar a bango sama da kanta, sababbin bajo uku na reto a jiki. Ta bayan bangon ya ji ƙarar na'urar, ɗan ƙiii ɗin nan da take yi in an danna, ya ji kamar a cikin haƙorinsa.

Ya ce mata ta tashi. Ta ce lafiya, ya ce fenti za a yi, ta dubi bangon ta dube shi ta ce wane irin fenti ne ba a kawo ko bokiti ba. Ya kama hannunta ya fitar da ita baranda ya zaunar a benci, ya kori sauran ma'aikatan biyu su ma, ya koma ya buga wa mai hoto ƙofa ya ce kada a sake danna komai. Sannan ya dawo ya fara ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, nan tauri, nan tauri, yana matsawa yana matsawa, da ya zo daidai ƙusar sai bangon ya amsa masa kamar ganga. Katako ne aka shafe da fenti. Wata tsohuwa mai shara da ta tsaya kallo da tsintsiya a hannu ta ce ai da can akwai 'yar taga a wurin, ta nan ake miƙo hoto tun ɗakin katin yana ɗakin wanke hoto, da aka daina sai kafinta ya toshe, ta ce an fi shekara goma. Ta ce ai shi ya sa ƙusa ta shiga a wurin, sauran bangon ko ka kwana kana bugawa ba ta shiga.

Babban likita da aka kira ya zo yana faɗa, ga mutum biyu da suka yi haɗarin babur suna jiran hoto, ɗakin hoton ke nan guda ɗaya a duk asibitin, ya ce a bi abin a hankali kada a firgita mutane kafin masana su zo. Hattara da ko ƙuda ba ya iya yi wa tsawa ya ce to a zaɓa, ko ɗakin hoto ko ɗakin kati, ɗaya sai ya sha kwaɗo yau, kuma bai matsa daga bakin ƙofar ba. Ɗakin kati aka rufe, aka kwashe katuna a kwali aka jera a baranda.

Auta tana benci duk tana ji. Da mutane suka watse ya zo ya tsuguna a gabanta, ya fara wani dogon bayani na dalma da awo da masana, ta katse shi.

"Yaya, cikin farkon ma shi ne?"

Ya ce bai sani ba, ya ce shi ya kai teburin wurin, da hannunsa, sai ta ɗora hannu biyu a cikinta ta juya fuska gefe, ba ta yi kuka ba, shi kuwa da ta yi kukan da ya fi masa sauƙi.

Kwana tara aka yi ana jiran masu awo. Kwana taran nan Hattara ya rame har wandonsa na zamewa, matarsa ta ajiye abinci ta ɗauke yadda ta ajiye, ya kira birni sau biyar a rana har mai ɗaukar wayar ta gane numfashinsa kafin ya yi magana. An yi wa Auta sikanin aka duba cikin aka ce ɗa na motsi komai daidai, bai yarda ba, ya ce na'ura ba ta ganin komai da komai. Mijinta direban motar asibiti ne, mutum mai sanyi, gaisuwa kawai yake yi masa ya wuce, wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo. In ya hango mai goyo a baranda sai ya canza hanya.

Ranar da suka zo babbarsu wata mata ce mai gilashi da na'ura a hannu kamar rediyo. Ta sa mai hoto ya riƙa dannawa ta wancan gefen, ta ɗora na'urar a kan ƙusa, na'urar ta ɗauki kuka kamar an taka ɗan kyanwa, Hattara ya runtse ido. Ta yi ƙasa da ita kaɗan kukan ya ragu, ta ce a dawo da tebur da kujera daidai inda suke, ya nuna mata sawun ƙafar teburin a siminti. Ta tambayi tsawon mai kujerar, wani nas ya ce ai in ta zauna kanta da ƙyar yake wuce teburin, ba wanda ya yi dariya. Matar ta riƙe na'urar daidai inda ciki zai kasance, mai hoto ya danna, sai ɗan ƙyas, ƙyas, shi ke nan.

Ta zauna ta yi lissafinta a takarda ta daɗe, sannan ta ce abin ta saman kan Auta yake wucewa, wanda ya iso inda take kaɗan ne ƙwarai, a ganinta bai kai ya taɓa cikin ba, da doguwa ce ko da tsaye take aiki da maganar ta canza. Ya tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta faɗi abin da awo ya nuna. Ya sake tambaya, ta sake faɗa. Da ya tambayi batun cikin farkon sai ta cire gilashin ta ce wannan ba mai iya gaya masa, ba ita ba ba kowa ba, kuma ya daina nema.

Aka toshe tagar da bulo da dalma, masu hoto suka koma saka bajonsu a ƙirji ba tare da an roƙe su ba, amma wata huɗun da suka rage Hattara bai huta ba ko na rana ɗaya. Ranar haihuwar da azahar ce, a nan asibitin, yana tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa yana ta karanta kwanan watan da ke jikin tukunyar kashe gobara, ya karanta ya fi sau talatin. Da ungozoma ta leƙo ta ce mace ce, uwa da 'ya lafiya, ya kasa shiga, sai da Auta ta aiko a ce masa in bai shigo ba ita za ta taso.

Ya shiga ya tsaya nesa da gadon hannu a baya. Auta a gajiye take, muryarta can ƙasa.

"Zo ka ƙirga, Yaya. Na san ba za ka yi barci ba sai ka ƙirga."

Ya wanke hannu sau biyu, ya buɗe zanen a hankali, ya bi 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe, na hannu goma na ƙafa goma, ya koma farko ya sake. Jaririyar ta damƙe masa yatsa ta tsala kuka, shi kuma ya zauna daɓas a ƙasan ɗakin haihuwa, ƙasan da shi da kansa ya manna takarda ya ce kada kowa ya zauna.

Yanzu yarinyar wata takwas gare ta, tana rarrafe tana jan duk abin da ta samu. Ƙusar tana aljihun rigarsa, shi ya cire ta da filaya, kuma duk ɗakin da ya shiga a asibitin sai ka ga yana bin bango da bayan yatsa yana saurare, nas-nas na cewa Malam Hattara ya fara gaisawa da gini. In ya je gidan Auta yakan lallaɓa ta bayan yarinyar ya tafa hannu a hankali ya ga ko za ta ji ta waiwayo, tana waiwayowa kuwa ta yi masa dariya da haƙori biyu. Mako mai zuwa sai ya sake tafawa. Auta tana ganinsa ta gefen ido tana ninke kaya, ba ta taɓa hana shi ba.