Uwar da Ta Ƙi Faɗin Sunan 'Yarta

Akwai ranar da har gobe ba ta bar raina ba a aikin nan, ranar da aka kawo Hadiza, a shekarar 2009, bayan ƙaramar salla. Ku sababbin da aka ajiye a teburin karɓar baƙi nake rubuta wa, don na gaji da maimaita muku ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin ina shekarata ta biyu a cibiyar nan ta unguwar Madain Fahd, nan ƙasa mai tsarki. Aikinmu auna basirar yara. Yawanci waɗanda karatu ke ba wa wuya ake kawowa, amma jefi-jefi akan kawo wanda ya yi wa sa'o'insa fintinkau, ana so a shigar da shi wata ƙungiya ta ƙasar waje wadda ba ta karɓar kowa sai masu kaifin ƙwaƙwalwa na ban mamaki. Tsarin a bayyane yake. Yaro ya zauna gwaji da Duktura, likitar cibiyar, a yi hira da uwa ko uba, sannan Duktura ta rubuta rahoto, ta sa hannu, ta buga hatimi. In babu sa hannunta, ƙungiyar ko kallon takardun ba ta yi. Ni nawa aikin amsa waya ne, da tafinta idan an samu wadda Larabci bai zauna a bakinta ba.

Hadiza shekararta takwas. Ubanta direba ne. Matar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ita ce ta tarar da ita tana warware wa ɗanta na aji shida lissafi, ta ce lallai sai an kawo ta. Uwar kuwa na san ta, Khala Ramatu, 'yar Maraɗi, layinmu ɗaya a Waziriyya, turaren wuta take sayarwa.

Tun da na gan su a ƙofa raina ya ɓaci. Ni ce nake zuwa ta ɗaya tun daga firamare har na gama sakandare. Wa ya taɓa sa ni a mota ya kai ni a auna? Na gama, hanyar jami'a ta ƙi buɗuwa, na ƙare a bayan tebur ina yi wa mutane "tafaddali", wato bismilla ki shigo. Ga 'yar mai turare an sauke ta daga mota mai sanyi, da ɗan kitsonta duk ya tsufa.

Duktura Manal, Bamisriya ce, ba ta yabon kowa. Ranar ta fito daga ɗakin gwaji da tabarau a hannu ta ce, "Ya Samira, yarinyar nan ta ƙarar min da tambayoyi." Na ce mashallah, iyakarsa leɓe.

Aka shigo da uwar, aka bar Hadiza a waje. Duktura ta ce in tambaye ta cikakken sunan yarinyar.

Khala Ramatu ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. "Ai yana jikin takarda."

"Da bakinki ake so, Khala."

"To, waccan ɗin dai."

"Duktura na tambaya, yaushe kika fara lura ta bambanta da sauran yara?"

"Wa? Wannan? Sakarya ce fa. Ko shara ba ta iya ba, sai surutu kamar aku."

Na juya shi da Larabci yadda ta faɗa, ban rage komai ba. Aikina ke nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi min zaƙi a baki.

Duktura ta ajiye biro. Ta ce, "Na saba da iyaye masu ƙara gishiri, amma ban taɓa ganin uwar da ta kasa faɗin sunan 'yarta ba. Ko dai ba ita ta haife ta ba, an ɗora ta ne kawai a iƙamarsu, takardarsu ta zama ƙasa, ko gidan akwai matsala. Ba na sa hannu a abin da ban gane ba. Halas, ki sallame su."

Ni kuwa na san dawar garin. Hadiza 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yabe shi a gaban mutane. Kunya ce, ga kuma tsoron baki. Da na yi shiru, shi ke nan, a koma da ita Waziriyya ta ci gaba da ɗaure turare a leda. Abin da ya buɗe min baki ba kirki ba ne, ni dai ba na iya zama in ga ana shirme a gabana.

Na yi wa Duktura bayani. Ta saurara, ta ce, "Al'ada ce, na ji, na kuma girmama. Amma ina buƙatar tarihin yarinyar daga wadda ta raine ta. Kunya ba ta cika rahoto."

Na juya kan Khala. "Kin ga, nan ba tsakar gida ba ce. In ba ki yi magana ba an fasa."

"Haba 'yar nan. In buɗe baki in yabi ta fari, a gaban baƙuwa? Ki rufa min asiri. Gara a fasa."

"A fasa? Khala, wallahi kina ba ni haushi! To bar taki. Babu wata 'yar maƙwabta a gidanku da kike gani tana tasowa? Ba mu labarinta."

Ta ɗago ta dube ni. Ta dubi ƙofa. Sannan ta gyara zama.

"Akwai wata dai," in ji ta. "Tun ba ta iya tafiya sosai ba, in uwarta ta haɗa turare sai ta shinshina ta faɗi abin da aka sa a ciki. Ba wanda ya koya mata karatu, a allunan shaguna ta tsince shi, ta tagar bas. Wata rana sun ɓata a kasuwar Bab Makka, uwar har ta fara kuka, ita ta kama hannunta ta fito da ita, wai ta riƙe launin ƙofofin da suka wuce. Uwar tata tsoro take ji. Allah ya ba ta abin da ba ta san inda za ta ajiye ba."

Ta ci gaba, ba ta tsaya ba, hawaye na sauka tana sharewa da bakin mayafi. Ni kuma kowace kalma sai ta bi ta bakina kafin ta isa kunnen Duktura. Ban taɓa yin tafinta mai ɗaci irin wannan ba. Duktura ta cika shafi, ta juya, ta cika wani, ta sa hannu, ta buga hatimi. Bayan aikin hajji katin ƙungiyar ya iso. Khala ta aiko min da turare, da saƙon cewa wai sun ɗauki sakaryar.

Ni ma 'yar fari ce. Ranar hirar nan da na koma gida na tarar da Umma tana tsince shinkafa, na ce, "Umma, ni da ina ƙarama yaya nake?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ke? Tashi ki ba ni wuri, uwar surutu."

Har yau in na ga Hadiza ta wuce layinmu da jakar makaranta sai in kau da kai. Ba katin ke damuna ba. Ita an samu wadda ta san yadda za ta tambayi uwarta.

Saboda haka ku da ke tafinta, ku ji da kyau. Idan Bahaushiya ta zauna gaban Duktura tana kushe ɗanta, kada ku yi gaggawar juyawa. Ku fara tambaya ko na fari ne.