Saƙonnin Da Na Ƙi Gogewa

A da, takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yar da ita. A gidanmu na Tudun Wada akwai wata tukunya a zaure, nan mahaifina yake tara wasiƙun da aka gama da su, in ta cika a ƙona, a binne tokar a gindin katanga. Na ga irin haka a Khartum, na kuma ga masu cusa takardun a tsagar bango a Maroko. Yanzu kuwa wasiƙa ba ta da jiki, ni kuma ban samar mata tukunya ba. Tun da na buɗe imel, lokacin ina aikin tafinta a ƙasashen waje, ban goge saƙo ko ɗaya ba. In an tambaye ni dalili sai in ce ai da bisimilla a kansu.

Wata Alhamis bayan azahar maƙwabcina ya yi sallama. Bakano ne mai sayar da yadi, ya tsufa a Zariya amma bai fasa tsokanata ba. Ciwon baya ya kwantar da matarsa, an yi mata hoto a asibiti an ba su a faifai. Wani likita a Alƙahira ya ce a tura masa ta imel kafin ya tashi aiki, zai duba ya faɗi ko tiyata za a yi.

"Bazazzagi, yau Larabcinka zai yi rana," in ji shi. "Ko in wuce shagon kwamfuta a Kwangila?"

"Ka kai sirrin iyalinka kasuwa ina zaune? Shigo, Alhaji."

Na kunna kwamfutar, na buɗe manhajar imel. Nan take fankar cikinta ta kama gurnani kamar injin markaɗe. In na danna harafi sai na jira kafin ya fito. Na kashe na sake kunnawa. Na cire caja, na ce wutar ce ba ta da ƙarfi. Na ɗora ta a kan faranti, na juyo mata fankar ɗaki.

"Ko a kawo mata fura? Na ga zazzaɓi take yi."

Na yi dariyar yaƙe. Na san ba a aiki Juma'a da Asabar a Masar, na zauna a can. In likitan ya tashi, sai Lahadi. Ban faɗa masa ba.

Na buɗe wurin da kwamfuta take nuna abin da ke cin ƙarfinta. Manhajar imel ce ta cinye kusan duka. A ƙasan allon akwai ɗan rubutun Turanci da na daɗe ina gani ban kula ba: tana jera saƙonni. Ashe tun da ta sabunta kanta take bin tarin nan ɗaya bayan ɗaya, in ta sarƙe ta koma farko. Na so in shiga imel ɗin ta intanet kai tsaye, amma kalmar sirrin ta ɓace mini, don manhajar ce take riƙe da ita shekara da shekaru. Abin da ya rage shi ne a rage mata kaya.

"To goge mana," in ji shi.

"Akwai sunan Allah a ciki."

"Malam, da kake wanke allonka a makaranta, zunubi aka rubuta maka? Goge, Hajiya tana can kwance."

Na jera saƙonnin bisa sunan mai aikowa don in ware masu bisimilla. Ya matso da kujerarsa, ya gyara tabarau. Kamfanin jirgin sama. Otal. Wani otal ɗin. Masu tallar inshora da Faransanci. Sanarwar tarurrukan da aka daina gayyatata tun tuni. Muka yi ta gangarawa, shafi bayan shafi.

"Wannan fa? Wane babban mutum ne?"

"Kantin takalma ne."

"Ikon Allah. Duk wasiƙun da kake ce mana a majalisa suna jiranka daga ƙasashen duniya, su ne waɗannan?"

Na ci gaba da gangarawa. Saƙonnin da mutane suka rubuto da hannunsu ba su cika shafi biyu ba, yawancin masu su ma sun rasu. Sauran duk na'ura ce ta aiko wa na'ura. Adadin nan mai tsawo da ke gefen akwatin saƙonni nake son gani kullum da safe, bisimillar kuwa fakewa ce.

Na zaɓi saƙonnin na'urar na danna gogewa. Ita ma gogewar da rarrafe ta yi. Aka kira la'asar, muka je muka dawo, tana nan tana yi. Da ta gama na rufe manhajar na sake buɗewa, fankar ta yi tsit, hotunan suka tafi cikin ƙiftawar ido. Amsa ta dawo nan da nan, irin wadda na'ura take bayarwa: likita ya tashi, sai Lahadi.

Na fassara masa. Ya cire faifansa, ya sa a aljihu.

"Allah ya kai mu," ya ce, ya nemi takalmansa.

Kwanakin nan ina jin nishin Hajiya ta katanga in an juya ta. Ran Lahadi likitan ya amsa, aka ci gaba da magani. Maƙwabcina bai taɓa tayar da zancen a majalisa ba, ni ma ban sake cewa ana nemana daga ko'ina ba. Yanzu duk saƙon da ba mutum ne ya rubuto shi ba, a ranar nake goge shi, kuma akwatina yakan yi mako babu komai a ciki.