Mamacin da Ya Ɗauki Makararsa

Da bazarar bana maigidana ya cika shekara arba'in da ɗaya a ƙasa. Ban iya rubutu ba. Jikata malamar makaranta ce take riƙe da biro ina faɗa, in kuka ya ci ƙarfina ta dakata. Ta ce in faɗi sunansa saboda masu karanta jarida. Na ce mata bakina bai taɓa kiran sunan nan ba yana raye, ba zai fara yau ba. Malam nake ce masa. Mutanen ƙauyenmu, can bayan duwatsun Dutse, Tsaya-Tukuna suke kiransa, kuma majigi ne ya jawo masa sunan.

Yaran yanzu ba su san majigi ba. Mota ce take zuwa daga Kano a zamanin Turawa, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, a haska hotuna masu motsi, wani mai lasifika yana bayani. A cikin garin Dutse ake yi, maza da yara ne ke zuwa. Mu matan aure na ƙauye ba ma fita. Malam kuwa ko tsakiyar girbi ake, in ya ji motar ta iso, sai ya ɗaure jakinsa ya kama hanya.

Washegari da hantsi nake kallon nawa majigin. Ina surfe, yana zaune a kan kututturen dabino yana kwaikwayon kowa, har tafiyarsu. Amma ba labarin ne ya dame shi ba. Inda suka yi kuskure yake nema.

"Mutum ya shiga rafi a kan baƙin jaki," in ji shi, "ya fito a kan fari. Tsaya tukuna. A nuna mini rafin nan in kai rigata."

Wata rana majigin noman gyaɗa ne. An nuna manomi yana shuka, an nuna shi yana cira, kuma kazar da ke bayansa tana nan tana tonon wuri ɗaya. "Daga shuka har girbi," ya ce, "ba ta yi ƙwai ba, shaho bai ɗauke ta ba. Wannan kazar nake so a sayar mini." Akwai kuma na wani da ƙaninsa ya ɓata a birnin Kano, ya shiga gari, lungun farko suka yi kiciɓis. Wannan ya fi ba shi haushi, don shi akuyarsa ta taɓa ɓacewa a kasuwar Shuwarin, ya yini yana nema, ashe tana gida.

Ba kullum yake da gaskiya ba. Da aka nuna dawakan Sarkin Ingila, ya dawo yana rantsuwa an yi ha'inci, don babu dokin da ke da inuwa. Wani tsohon soja ya ce masa a can ƙasar ana daɗewa ba a ga rana ba. Malam ya ce ba a yin ƙasa babu rana. Har ya bar duniya bai yarda ba. Nakan ce masa, "Malam, ka bar mutane su yi kallo mana." Ya ce ai shi ne kaɗai ke kallo, sauran buɗe baki kawai suke yi.

Sai wata shekara da rani masu majigin suka zo ƙauyenmu da kansu, ba don nunawa ba, don ɗauka. Suna son yin na cutar agana: mutum biyu, ɗaya ya yarda a yi masa lamba ya tsira, ɗaya ya yi gardama ya mutu. Dagaci bai yi dogon tunani ba, ya ce in mai gardama ake nema, ga shi nan a gari. Ni ban so ba. Na ce mutum da ransa da lafiyarsa ba ya kwanciya a ce ya mutu. Ya ce ba shi za a sa a makara ba, liman ma ya hana, kututture za a naɗe a tabarma. Ya yi ta lallashina har na haƙura.

Ranar da aka gama ya shigo gida yana dariya, har yana dafa bango. Na tambaye shi, ya ƙi faɗa.

"Akwai wani kuskure a ciki," ya ce, "wanda ya fi na jaki, ya fi na kaza. Ba zan gaya miki ba."

"Don Allah, Malam."

"Sun ce a nan garin za su kawo shi, tunda mu muka yi. Ranar zan kai ki gidan maƙeri da kaina, ki hau soro wajen Hajara ki gani da idonki. In kin gano shi, na yarda ke ɗalibata ce."

Hajara matar maƙeri ƙawata ce, soronsu ne yake kallon filin gari. Tun daga ranar na fara jira. In na ji ƙarar mota daga nesa sai in ajiye taɓarya. Damina ta wuce, kaka ta wuce. Na sha yi masa dabara ko zai saki baki, har fura mai nono na dama masa don wannan, ya sha ya ce ta yi daɗi, amma a'a.

Da bazara sanƙarau ya shigo gari. Malam bai jima a kwance ba. Bai ma yi gardama ba, shi da yake gardama da komai. Aka fita da shi a makarar masallaci, waccan dai da aka sa kututture a ciki, ina ɗaki ina jin tafiyar ƙafafunsu.

Ina tsakiyar takaba motar majigi ta zo.

Hajara ta shigo mini da la'asar, numfashinta sama-sama. Ta ce na Malam ne suka kawo. Ta ce in rufa da baƙin zane, ta bi da ni ta bayan rumbuna, babu wanda zai gane ni. "Yaya, fuskarsa ce fa," ta ce. "Yana tafiya, yana magana. Sau ɗaya kawai." Malam bai taɓa ɗaukar hoto ba, babu mai hoto a ƙauye a lokacin. Na san abin da take miƙo mini.

Bayan na yi magariba na ɗauki zanen. Na kai har bakin zaure. Hasken yana bugun saman dabinai, ina jin inji yana ruri. Sai na tsaya. Babu wanda ya tare ni. Takaba ita ce haƙƙinsa na ƙarshe a kaina, kuma ya ce shi zai kai ni da kansa. Na ce a raina mota ce, za ta sake dawowa, takaba kuwa sau ɗaya zan yi masa. Na zauna a dakalin zaure ta ciki, zanen yana cinyata.

Da kunne na kalle shi. Na ji mai lasifika yana cewa ga mai gardama ya ƙi lamba, gari ya ɗauki dariya, ana kiran Tsaya-Tukuna. Daga nan dariyar ta ragu. Da aka zo wurin mutuwa filin ya yi tsit, na ji wata tsohuwa ta fashe da kuka. Can kuma sai wata irin hayaniya ta tashi, dariya da salati a cakuɗe, wadda ban taɓa jin irinta ba.

Da safe Hajara ta zo, idanunta a kumbure. Ta ce ranar da aka ɗauki majigin yawancin maza sun tafi cin rani, masu ɗaukar makara ba su cika ba. Sai aka sauya wa Malam hula aka sa shi a gaba. "Yaya, ga makararsa a kafaɗarsa," ta ce, "ya juyo ya kalli mutane, yana danne dariya. Mamaci ya raka kansa kabari." Na yi dariya har na faɗi a tabarma, daga nan ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Motar ta sake zuwa Dutse sau da yawa, amma ba da wannan ba. Da ɗana ya girma ya yi aiki a Kano, ya bi ya tambaya, aka ce ba a san inda irin waɗannan tsofaffin suke ba. Ban taɓa cewa na yi kuskure da na zauna ba. Amma ƙarya ne in ce bai yi mini ciwo ba, har yau da nake faɗa.

Yanzu ina zaune a unguwar Takur gidan ɗana, Dutse ta zama babban birni. Majigi ya shigo falo, bidiyo suke ce masa, mata da maza kowa na kallo. Ina tunanin me Malam zai ce. Mutum ɗaya ya doke goma hularsa ba ta faɗi ba. Bindiga ta yini tana harbi ba a ɗura mata komai ba. Abin da zai fi haukata shi kuwa, ana iya mayar da kaset baya a sake duba wuri. Da ba za a ci tuwo a gidan nan ba. Idona ya yi yana, inuwa kawai nake gani, amma rannan na ji an harbe wani a farkon fim, ga muryarsa kuma a ƙarshe. Kafin in ankara na ce, "Tsaya tukuna." Jikokina suka kwashe da dariya. Ba su san bakin wa ya yi magana ba.

Fuskarsa ta tafi mini. Na fi shekara ashirin ina ƙoƙarin haɗa ta, in na kamo goshi sai haɓa ta kuɓuce. Gonarmu an yi gidaje a kai, dabinon gidanmu ya faɗi, Hajara ma ta rasu. Abin da ya rage mini muryarsa ce da kalmomin nan biyu, da wani mutum da ban gani ba, sanye da hular aro, yana ɗauke da makararsa.

A aikin mutane mamaci yakan sauya hula ya dawo, don hannu bai cika ba. Na daɗe ina sauraron bakin zaure ko za a yi mini irin wannan kuskuren. Aikin Allah babu kuskure a cikinsa. Allah ya jiƙan Malam, ya sa in na isa ya gane ni, don ni sai ya yi magana zan gane shi.